Fishiye yana nan, inji ya ce babu: bayani kan lambar da ke riƙe ajiyar kwamfuta a kan rezo

Masu saurarenmu na Tahoua da kewaye, tun daga Kalfou da Barmou har Keita da Tamaske, da ku ƴan uwa da ke karanta wanga shafi daga Abijan, Legas, Tamanrasat ko Libiya, bayanin yau ya shafi wata matsala da ke tasowa a duk inda kwamfutoci biyu ko uku ke aiki da ajiya guda: gidan rediyo, meri, asibiti, ko ofishin jami'a. Fishiye yana nan kwance a kan diski, ba wanda ya goge shi, girmansa bai ragu ba, amma kwamfutar ɗakin gaba ta ƙi buɗe shi. In sanarwar rasuwa ce da ɗan cin rani ya aiko ta WhatsApp don a sa ta bayan magariba, to lokaci ya wuce ke nan, dangi a ƙauye ba su ji ba. In sanarwar ɓatan raƙumi ce, kwana guda ya ishe shi ya yi nisa. Sau da yawa akan ɗora ma ƙwayar cutar kwamfuta laifi, ko a ce diski ya mutu, har a kai ga goge komi a sake sabon zubi. Alhali abin da ya faru bai kai haka ba: lambar da injuna ke gane fishiyen da ita ce ta canza.

Fishiye, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce ma fayil, shi ne duk abu guda da aka ajiye cikin inji, ko murya, ko hoto, ko takarda. Dosiye shi ne jakar da ake tara su. Rezon da muke nufi a nan kuwa ba na salula ba ne. Igiya ce ko wifi da ta haɗa kwamfutocin gida guda, ɗaya daga cikinsu ta zama uwar ajiya, sauran su dinga ɗauko abin da suke so daga wurinta, kamar yadda gidaje da yawa ke ɗiban ruwa a rijiya guda.

Suna na mutum ne, lamba ta inji ce

Wanda ya taɓa sayen fili a sabbin unguwannin Tahoua ya san takardar da meri ke badawa tana ɗauke da lambar ilo da lambar parsal. Mai fili na iya sayar da shi, ƴan unguwa su daina cewa gidan Alhaji wane su koma cewa gidan Malam wane, amma lambar da ke cikin rajista tana nan inda take. Ranar da gardama ta tashi, lambar ake dubawa.

Haka fishiye yake. Sunan da kake gani a kan allo, misali «sanarwar Lahadi», don idonka aka rubuta shi. Inji yana da wata lamba ta ciki da ake kira inod. Wanga tsari ya fito ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakin binciken Bell da ke Amurka tun 1969, kuma Linux ya gaje shi, har da wayoyin Android da ke aljihunmu. Inod shi ke riƙe da girman fishiye, da mai shi, da lokacin da aka taɓa shi, da wurin da abin da ke cikinsa ke kwance a kan diski. Abin mamaki, sunan fishiye ba ya cikin inod ɗin sam. Dosiye ne ke riƙe da jerin sunaye, kowane suna da lambar da yake nunawa.

Daga nan abubuwa da dama ke fitowa fili. In ka canza ma fishiye suna, lambarsa ba ta motsi. In ka kai shi wani dosiye a kan diski guda, nan ma ba ta motsi. Amma in ka kwafe shi, kwafin sabon abu ne mai sabuwar lamba, ko da kuwa sunan iri ɗaya ne kuma muryar da ke ciki ba ta bambanta da ko numfashi guda ba. In ka ɗauke shi daga wanga diski zuwa wancan, abin da inji ke yi a ɓoye shi ne kwafi sannan gogewa, don haka lamba ta canza. Sai kuma wanda ya fi ruɗa mutane: manhajoji da yawa, in ka gyara abu ka danna ajiyewa, ba su taɓa tsohon fishiye. Sabo suke rubutawa a gefe, su liƙa masa sunan tsohon, su jefar da tsohon. Ido ya ga suna bai canza ba, inji kuwa ya san baƙo ne ya shigo ɗakin.

Lambar inod ba ta mutuwa da fishiyenta. In aka goge wani, lambarsa takan koma kasuwa, a ba sabon fishiye. Saboda haka aka ƙara wata lamba ta biyu, lambar zubi, wadda ke canzawa duk sanda aka sake ba wani inod ɗin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tikitin kaya

A 1984, shekarar da fari ya yi ma Adar mummunar ɓarna kuma aka fara aikin raya karkara na Keita, wani kamfani a Kalifoniya mai suna Sun Microsystems ya fito da hanyar da kwamfuta za ta buɗe fishiyen da ke kan wata kwamfutar kamar nata ne. Sunanta NFS. An wallafa ƙa'idodin zubi na 2 a 1989, na 3 a 1995, na 4 kuma a 2000, aka sake gyara shi a 2003. Har gobe da ita ake aiki a jami'o'i, bankuna da gidajen rediyo masu amfani da Linux.

Duk wanda ya taɓa shiga bis daga Tahoua zuwa Yamai ko Agadas ya san yadda ake yi da kaya. Ka ba da jakarka, a manna mata lamba, a miƙo maka tikiti. In an isa, mai sauke kaya bai san sunanka ba, bai kuma damu da shi ba. Tikiti za ka nuna. NFS ma haka take. Karon farko da kwamfutar situdiyo ta nemi «sanarwar Lahadi», uwar ajiya takan duba sunan ta miƙo tikiti. Daga nan duk wata magana a tsakaninsu da tikitin ake yin ta: ba ni daga minti na biyu, ba ni abin da ya biyo baya. Sunan an gama da shi.

Tikitin ɗan ƙarami ne. A zubi na 2 okte 32 ne cif, a na 3 bai wuce 64 ba, a na 4 yana iya kaiwa 128, kuma okte guda kusan harafi guda ne. Kwamfutar da ta karɓe shi ba ta karanta abin da ke ciki, ajiyewa kawai take ta mayar. Uwar ajiya ce ta san ma'anarsa, kuma galibi abu uku ta rubuta a ciki: lambar diskin da fishiyen yake, lambar inod, da lambar zubi. Wato wace tasha, wace jaka, kuma tafiyar wace rana. Ba don na ukun ba, da mai tikiti lamba 45 na jiya sai ya zo yau ya ɗauke jakar wani.

Masu NFS sun yi wata dabara da ta dace da ƙasa irin tamu, ko da yake ba mu suka tuna ba. A zubi na 2 da na 3, uwar ajiya ba ta riƙe lissafin wa ya buɗe mi. Komi na cikin tikiti. Saboda haka in wuta ta ɗauke uwar ajiya ta mutu, kwamfutar situdiyo sai ta tsaya tana ta sallama a bakin ƙofa. Da an kunna gurup uwar ta farfaɗo, sai ta miƙa tsohon tikitinta, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya, kamar ba abin da ya faru. Sharaɗi guda ne: lambobin nan uku su kasance yadda suke kafin a mutu. In ɗaya ta canza, uwar ajiya za ta dubi tikitin ta ce ba ta san shi ba, sai allo ya nuna «Stale file handle», kuskure mai lamba 116 a Linux. Ma'anarsa tikitin ya lalace, ba kayan ba.

Inda lambar ke kuɓucewa

Na farko wuta ce, kuma a nan Adar ba sai an yi ma kowa dogon bayani ba. Kaso mai yawa na lantarkin ƙasar nan daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu bayan an katse layin a farkon Agustan 2023. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ta taimaka, amma a watannin Afrilu da Mayu, in zafi ya haura 40, ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce. Duk mutuwa da tashi na uwar ajiya, Linux na sake ƙidaya diskokin da ke jikinta bisa wanda ya fara amsawa. Wanda jiya yake sdb, yau yana iya zama sdc don kawai wani ya bar kile USB a soke. A da, da wagga lamba mai yawo ake rubuta kashin farko na tikiti, shi ya sa tikitoci ke mutuwa gaba ɗaya bayan an sake kunnawa. Tun 2007 Linux ya koma amfani da UUID, wata doguwar lamba mai alamomi 32 da ake buga ma diski ranar da aka tsara shi, wadda ke bin sa duk ramin da aka soka shi. Wannan ya rage matsalar ƙwarai, amma ba kowane irin tsarin ajiya ke da ita ba.

Na biyu ya fi yawa a wurinmu: kile USB da kat memwar. Kusan duk waɗanda ake sayarwa a kasuwa da tsarin FAT32 ko exFAT suke zuwa, na Microsoft, na farko daga 1996, na biyu daga 2006. Tsarin FAT ba ya da inod ko kaɗan. In aka soka shi a Linux, sai injin ya ƙirƙiro lambobi daga kansa ya riƙe su a ka. Da ƙwaƙwalwar ta cika ya manta wasu, ko aka sake kunna shi, sai ya raba sababbi. Kamar mai sauke kaya ne da ke rubuta lamba da alli a jikin jaka, ruwan sama ya zo ya wanke. Wanda ya soka diskin waje mai FAT a uwar ajiya ya raba shi ta NFS, ya sayi matsala da kuɗinsa. Linux na da wani zaɓi na musamman, nfs=nostale_ro, wanda ke ɗaukar wurin da aka rubuta sunan fishiye a kan diski ya mai da shi lamba. Yana aiki, amma karatu kawai yake bari, ba rubutu, don in aka yarda a goge ko a canza suna, tsohon tikiti na iya nuna fishiyen da ba shi ba. A ganinmu wannan maganin wucin gadi ne. Abin da ya fi shi ne a kwashe abin da ke kile a zuba a diskin cikin uwar ajiya mai tsarin ext4 ko XFS, kile ya koma aljihun mai shi.

Na uku hannun mutane ne, kuma ba da mugunta ba. Ana sa shiri a iska daga situdiyo, mai haɗa sauti a ɗakin baya ya lura an yi kuskuren sunan ƙauye a minti na goma, ya gyara da sauri ya ajiye da suna iri ɗaya. Mun riga mun ga abin da hakan ke nufi: tsohon inod ya tafi, tikitin da situdiyo ke riƙe da shi ya mutu, shiri ya yanke a tsakiyar magana. In kwamfutar da ta buɗe fishiye ita ce da kanta ta goge shi, NFS na da dabarar ɓoye shi da wani suna mai farawa da .nfs har a gama amfani da shi. Wanda ya taɓa ganin irin waɗanga fishiyoyi masu baƙon suna, kada ya tsorata, kada kuma ya yi ta fama da goge su, da kansu suke tafiya. Amma in wata kwamfuta daban ce ta goge, ko aka goge daga kan uwar ajiya, wagga dabara ba ta kare kowa.

Akwai kuma wani zaɓi mai suna subtree_check, wanda ke cusa lambar dosiye cikin tikiti. Da shi, ko matsar da fishiye daga dosiyen «sababbi» zuwa na «an sa» ya isa ya kashe tikiti. Shi ma tun 2007 aka daina kunna shi kai tsaye, sai dai har yanzu ana cin karo da shi a tsofaffin injuna da a bayanan da mutane ke kwafowa daga intanet ba tare da sun san mi suke kwafa ba.

Na ƙarshe shi ne ranar sauya diski. Ƙurar hunturu da zafin bazara ba su barin diski ya tsufa lafiya, don haka wagga rana tana zuwa ma kowa. In aka kwafe fishiyoyi ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon diski, ko aka dawo da su daga ajiyar ko-ta-kwana, sunaye da dosiyoyi za su dawo daidai, amma kowane inod sabo ne. Duk kwamfutar da ke gidan sai ta saki ajiyar ta sake kama ta. In kuwa aka yi kwafin diski sukutum, tubali bayan tubali, kamar yadda umarnin dd ke yi ko diski biyu masu madubin juna, to inod da UUID duk suna biyowa, tikitoci su rayu. Nan ma akwai tarko. Yanzu diski biyu ke da UUID guda, kuma in aka bar su soke a inji guda, ba wanda zai iya rantsewa wanne ne aka ɗauko da safe. Mutum na iya yin sati yana ajiya a kan tsohon da ake shirin jefarwa. Ko a cire ɗaya, ko a buga ma ɗaya sabuwar lamba da tune2fs.

Abin da teknisiyan zai yi

Wanga sashe na masu riƙe da injuna ne, sauran jama'a na iya tsallakewa. Umarnin ls -i na nuna inod ɗin fishiye, blkid na nuna UUID na diski. A cikin /etc/fstab, a kira kowane diski da UUID ɗinsa, a bar sdb da sdc. A cikin /etc/exports, inda ake rubuta dosiyoyin da aka raba, ana iya ba kowanne lamba da hannu, misali fsid=11 ga ajiyar shirye-shirye, fsid=12 ga ta kiɗa. Wannan dole ne ga tsarin ajiyar da ba ya zaune kan diski kai tsaye, kamar waɗanda ke bi ta FUSE, kuma dole ne in akwai uwar ajiya ta biyu da za ta karɓi aiki in ta farko ta faɗi, don su biyun su yi magana da baki ɗaya. Kada lamba guda ta hau kan diski biyu, in ba haka ba mai neman kiɗa zai iya buɗe ƙofa ya tarar da labarai. Lambar 0 kuwa a bar ta, NFS zubi na 4 ta keɓe ta ga tushen ajiya.

Ranar da aka canza fsid, duk tsofaffin tikitoci sun mutu a take. Don haka ba aikin tsakar rana ba ne. A jira a rufe tasha, kowace kwamfuta ta saki ajiya, a gyara, a buga exportfs -ra, sannan su sake kamawa. Kuma a rubuta lambobin a littafi na takarda a ajiye kusa da injin. Teknisiyan na yau gobe yana iya kasancewa a Yamai ko a hanyar Aljeriya, wanda zai gaje shi ba zai karanta abin da ke ransa ba.

In kuskuren ya riga ya fito, magani mai sauƙi ne. Wani lokaci fita daga dosiyen a sake shiga ya wadatar. In bai yi ba, a rufe manhajar da ke riƙe da fishiyen, a saki ajiyar da umount, a sake kama ta da mount. Ba a goge diski, ba a sake zuba Linux. In za a kashe kuɗi, ondilar mai batir mai kyau ga uwar ajiya ta fi sabuwar kwamfuta amfani, don injin da ya samu minti biyar ya kashe kansa cikin natsuwa ya fi wanda wuta ta yanke ma magana.

Wata lamba da ake yawan mantawa da ita ita ce ta masu aiki. NFS zubi na 3 ba ta san sunan mutum ba, lambarsa ta sani. A Debian da Ubuntu wanda aka fara yi ma rajista shi ne 1000, na biye 1001. In mai gabatar da labarai 1000 ne a wagga kwamfuta amma 1001 ne a waccan, zai ajiye abu da hannunsa a nan, ya je can a ce ba nasa ba ne.

Masu Windows fa?

Gaskiya ofisoshi da yawa a jaharmu Windows suke da shi, kuma hanyar rabonsa daban ce, sunanta SMB. Ta samo asali daga IBM a shekarun 1980, Microsoft ya ɗauke ta, sannan Andrew Tridgell na Ostiraliya ya rubuta Samba a 1992, wadda ke ba Linux damar shiga zancen. SMB da hanya take neman fishiye, wato sunan inji, sunan dosiye, sunan fishiye. Ciwon nata ya sha bamban amma danginsu ɗaya. Jerin waƙoƙin da aka tsara jiya ya rubuta cewa suna kan E:, yau an fara soka wani kile ya karɓe harafin, diskin ya koma F:, sai manhaja ta ce ba ta ga ko guda ba. Maganinsa a shiga wurin sarrafa diskoki a ba diskin harafi na dindindin daga can ƙarshen baƙaƙe, kamar R: ko S:, inda ba mai tsere da shi. Haka adireshin uwar ajiya a kan rezo: in akwatin wifi ne ke raba adireshi yadda ya ga dama duk bayan ɗaukewar wuta, to wata rana za a neme ta inda take jiya a tarar da wayar wani. A kafe mata adireshi guda.

Darasin da masu rediyo suka ɗauka

Tun da aka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare a 1999, gidajen rediyon al'umma sun bazu a Nijar, kuma abin da suka tara ya wuce kiɗa. Akwai muryoyin tsofaffin da suka ba da tarihin garuruwansu suka riga mu gidan gaskiya, akwai bayanin malaman gona, akwai sulhun manoma da makiyaya da aka yi a gaban makirfo. A jahar da jami'arta ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar, bai kamata a ce irin wagga ajiya tana rataye da harafin kile ba.

Wata manhajar rediyo ta kyauta mai suna Rivendell ta bi hanyar da ta cancanci a duba, ko ga wanda ba ya amfani da ita. Duk sautin da ya shiga, lamba ake ba shi, shida na kaset uku na yanki, sai fishiyen ya zama kamar 000123_001.wav, dukansu a dosiye guda da ake rabawa ta NFS. Take, da sunan mai magana, da ranar ɗauka, suna cikin wani rajista daban. Kowa na iya gyara take sau goma, fishiyen bai motsa ba, jerin shirye-shirye bai karye ba. Tsarin meri ne sak, lambar parsal a gefe guda, sunan mai fili a gefe guda. Ƙaramar tasha ma na iya yin haka da littafi da biro: kowane shiri lambarsa, in an gyara shi a ajiye gyaran a matsayin yanki na 2, kada a hau kan na 1 sai an tabbata ba ya kan iska.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku ma abin ya shafe ku ta fuska biyu. In wani ya ɗora shiri ko hotunan biki a Google Drive ya turo maku mahaɗi, dogon rubutun nan da ke cikin mahaɗin lambar fishiyen ce. Mai shi na iya canza suna ko dosiye, mahaɗin zai ci gaba da aiki. Amma in ya goge ya sake ɗora wani da suna iri ɗaya, sabuwar lamba aka ba shi, mahaɗin da ya zaga gurup-gurup na WhatsApp ya mutu. In gyara ake so, Drive na da wurin ɗora sabon zubi a kan tsohon fishiye, lambar ta zauna. WhatsApp kuwa a wayar Android da hanya yake neman abinsa: in ka kwashe muryoyi daga dosiyensa ka kai kat memwar don samun wuri, saƙon zai nuna a cikin hira amma ya ƙi buɗewa, ko da yake muryar na nan cikin wayar.

Ta biyun ita ce sunan da WhatsApp ke ba saƙon murya a Android: PTT, sai kwanan wata, sai WA da lamba huɗu da ke farawa daga 0000 kowace rana. Kowace waya nata lissafin take yi. Ma'aikata biyu na iya sauke saƙonni biyu daban a rana guda, ɗaya gaisuwar suna daga Abijan, ɗaya ta'aziyya daga Sabha, dukansu da suna iri ɗaya. In aka zuba su a dosiye guda a uwar ajiya aka danna «maye gurbi» cikin gaggawa, na biyu ya hau kan na farko. Shi ya sa mai karɓa ya kamata ya sake ma saƙo suna tun kafin ya kai shi ajiya, da kwanan wata, da garin da za a sanar, da irin saƙon. Ku kuma masu aikowa, ku fara da faɗin sunanku da ƙauyenku da ranar da kuke magana a cikin muryar kanta, sannan ku biyo da ɗan rubutu mai ɗauke da bayanin nan, kuma kada ku goge naku kwafin daga waya sai kun ji an sa shi a iska.